Burtalin da Kaka Ya Bari

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma. Wannan kowa ya faɗe shi tun daga ƙofar zaure ranar da aka kai Kaka, mahaifin Innarmu, makwancinsa. Amma da an zauna an shafa fatiha, sai ka ji kowa ya ɗauko nasa Kakan daban. Tsofaffin garinmu Gangara suka ce an yi rashin mai gaskiya. Matan unguwa suka ce gaskiya kam akwai ta, sai dai bakin nan nasa ba ya raga wa kowa. Wani ɗan kasuwa da ya taso daga Burkusuma a kan babur ya ce shekara da shekaru yana wucewa da kaya zuwa Nijar, bai taɓa tsayawa a bakin lambun tsohon ba sai an yi masa faɗa a kan gudun da yake yi, sannan a cika masa aljihu da albasa. Yana faɗa yana dariya, sai kuma ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

Ni dai ina cikin gida kusa da Inna, muna karɓar mata. Washegari da hantsi tsakar gidan ya cika, ana ta shigowa da kwanukan abinci, sai muka ji hayaniyar ta tsaya kamar an yi ruwa an ɗauke. Wata tsohuwar Bafulatana ce ta shigo, tana dogara sanda, ba ƙwarya a kanta. An daɗe rabon da a ga matan ruga a cikin garin nan. Tun da ɓarnar daji ta yi yawa suka daina kawo nono, mu ma muka daina tambayar dalili. Tsohuwar ta wuce tabarmar da baƙi ke durƙusawa su yi gaisuwa, ta nufi jikin bango inda 'yan gida ke zaune. Wata maƙwabciya ta tare ta da murya ƙasa-ƙasa, ta ce mata nan wurin masu rashi ne.

"Na sani," in ji tsohuwar. "Ni ba gaisuwa niz zo yi ba, karɓa niz zo yi. Ƙanena na yam mutu."

Inna ta matsa ta ba ta wuri, ta riƙe mata sanda har ta zauna. Daga nan duk matar da ta shigo, in ta gaishe da Inna, dole ta juya ta gaishe da tsohuwar, wasu da zuciya ɗaya, wasu baki kawai. Ita kuwa tana amsawa da sannu, kanta a sunkuye, yadda duk mai rashi ke yi.

Adda ke nan. Haka Kaka ke kiranta, haka mu ma muka taso muna kiranta. Mahaifiyar Kaka ta rasu ko arba'in ba ta yi da haihuwarsa ba. Mahaifiyar Adda, wadda ke kawo nono gidan a lokacin, tana da goyo a bayanta, sai ta ɗauki jaririn ta tafi da shi ruga, ta shayar da su biyun har aka yaye su. Ya dawo gida da tsagar Gobirawa a kumatu, Fulatanci kuma a harshe. A shari'a su 'yan'uwa ne na shan nono: babu aure tsakaninsu, amma kuma babu gado. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ke ran kowa a gidan nan, ko da yake babu wanda ya furta.

Da labari ya kai zaure cewa Adda na ciki, Kawu, yayan Inna kuma babban ɗan Kaka, ya tashi daga kan tabarma ya fita, bai dawo ba sai bayan azahar. Duk wanda ke wurin ya san abin da ya tashe shi. Akwai wata hanyar shanu da Kaka ya bari a gefen lambunsa, daga kan tudu har bakin dam, kuma Kawu ya rantse tun da daɗewa cewa ranar da lambun ya zo hannunsa sai ya rufe ta. To ga ranar ta zo.

Bari in koma baya, don wanda bai san garinmu ba.

Kafin a yi dam ɗin, ƙoramar da ke gangarawa gulbi ta bayan gari takan cika da damina, rani na yi ta ƙafe ƙaf. Inna ta sha ba mu labarin yadda suke fita da tulu tun suna 'yan mata, su tona yashin tsakiyar ƙorama har hannu ya nutse, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo, suna kwasa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan. In an yi rashin sa'a jaki ya riga ka zuwa ramin, sai ka sake tona wani. Ina ƙarama aka kawo katafila aka datse ƙoramar. Ruwa ya taru, ya haɗiye fadamar Kaka duka, har da mangwaron da ubansa ya dasa. Mutane sun zaci za a sha rigima da shi, ganin irin bakinsa, amma ko uffan bai ce ba. Da aka tambaye shi sai ya ce ya ga ƙafar matarsa da ta 'yarsa sun tsattsage a yashin nan, in mangwaro ne kuɗin famfo to an yi araha.

Ba wai ya bar ƙorafi ba ne. Da aka ja famfo zuwa cikin gari ya ce shi ba ya shan ruwan da ya bi ta cikin ƙarfe, ƙarni yake yi. Ya yi ta faɗar haka a majalisa har aka gaji da ji. Wata rana na kama shi a bakin famfon masallaci ya tara hannu yana kwankwaɗa, na ce, "Angona, yau ƙarnin ya tafi ke nan?" Tsakaninmu wasan jika da kaka ne, yana ce mini amarya, ina ce masa ya yi tsufa da ni. Ya share gemu ya ce ɗanɗanawa yake yi don ya san abin da zai gaya wa hukuma, kuma in na ƙara magana ya sake ni. Ya sake ni ya fi a ƙirga, kullum kuma sai ya mayar da ni da ƙullin gyaɗa.

Dam ɗin nan ya so shi, wannan ba a ɓoye yake ba. Da la'asar yakan je ya zauna a kan ganuwar ƙasar, rediyo a cinya, ba ya ko kunna ta, yana kallon ruwa. Ya ce tun yana yaro bai taɓa ganin ruwa ya kwana a garin nan har watan bazara ba, don haka a bar shi ya more kallo.

Wurin rabon lambuna ne aka yi kuskuren. Ma'aikatan da suka zo da igiya da turaku suna yanka fili, da damina suka zo. A lokacin shanu duk sun yi arewa, sun haye Nijar kamar yadda suke yi kowace shekara, tsohon burtalin da suke bi zuwa ƙorama kuwa ciyawa ta rufe shi. Baƙi ba su gan shi ba. Mu 'yan gari da muka san shi, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, don kowa so yake a ba shi kusa da ruwa. Haka aka yanka bakin dam ɗin kaf, taki ɗaya ba a bari ba. Kaka ya samu nasa a bakin ruwa sosai, a madadin fadamarsa da ta nutse. An gina wa dabbobi wurin sha can ƙetare, amma kafin garke ya kai can sai ya zagaye gonakin mutane duka, ga shi ko garke ɗaya ba ya isa.

Rani ya yi, shanu suka dawo. Suka gangaro ta inda suka saba, suka tarar da shinge. Inna ta ce har cikin gari ana jin kukansu, suna jin ƙanshin ruwa ba su da hanya, makiyaya na tsaye da sanduna, manoma na tsaye da fartanya, kowa na kallon kowa. A rana ta biyu Kaka ya shiga lambunsa, ya fara tuge dashen albasar da ya riga ya kama, fangali bayan fangali, a gefen da ya yi iyaka da lambun maƙwabcinsa. Ya buɗe faɗin da shanu biyu za su jera kafaɗa da kafaɗa, tun daga sama har ruwa. Sannan ya shiga daji da gatari ya saro ƙaya, ya yi shinge a gefensa, ya kuma yi wani a gefen maƙwabcin. Da ya gama ya aika ruga a gaya wa Adda ta ce wa 'ya'yanta su kawo shanu, amma duk wadda ta taɓa masa albasa sai ya ci hantarta.

Tun daga shekarar aikin ya zama nasa. Ƙaya ba ta shekara. Gara ta ci, yara su zare su kai murhu, damina ta ruɓar da sauran. Da an gama girbi za ka gan shi yana jan reshen magarya da farar ƙaya a bayansa, yana tafe yana mita. Ba ya yarda kowa ya taya shi shingen, wai mu ba mu san yadda ake saƙa ƙaya ba. Gatarinsa kuwa ko limamin gari bai isa ya ara ba.

In ka tambaye shi dalilin da ya sa ya yi asarar wannan wuri mai kyau, amsar ta danganta da wanda ya yi tambayar. Ga manoma sai ya ce taki yake nema, kuma da gaskiyarsa, don kullum sai ya kwashe kashin shanun da ke hanyar ya zuba a lambu, albasarsa kuwa ta fi ta kowa girma a kasuwar Sabon Birni. Ga ni sai ya ce kishi nake yi da shanu. Wata rana a majalisa wani ya ce masa, cikin zolaya mai ɗan dafi, ai nonon da ya sha a ruga ne yake biya. Kaka ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni dai ina biya," ya ce. "Ku da kunka sha na uwayenku, mi kunka biya?"

Kada wani ya ɗauka zumuncinsa da Adda na lallashi ne. Ban taɓa ganin mutum biyu masu son faɗa da juna kamarsu ba. Shekarar da wata jar saniya ta keta shinge ta shiga tumatirin maƙwabci, Kaka da kansa ya kama ta ya jawo ta har ƙofar gida ya ɗaure. 'Ya'yan Adda suka zo ba da haƙuri, ya kore su. Ya ce ba ya magana da yara, uwarsu ta zo. Ta zo kuwa. Suka zauna a zaure suka kwashe rabin yini suna ɗaga wa juna murya da Fulatanci, mu muna laɓe muna jin amo ba ma jin ma'ana. Daga baya Inna ta fassara mana: ita ta ce shingen ne ya yi sirara saboda tsufa ya kama shi ya fara ha'inci, shi kuma ya ce 'ya'yanta barci suke yi a tsaye. A ƙarshe ya sa samarin suka sake yi wa maƙwabci dashe da hannunsu, suka yi masa ban-ruwa har ya kama, sannan ya kwance saniyar. Da za ta tafi ta zaro ɗan ƙoƙon man shanu daga cikin zanenta ta dire masa a gaba. Ya buɗe ya leƙa, ya ce na bara ya fi yawa.

Haka aka yi ta tafiya har abubuwa suka lalace. Ba sai na ba kowa labarin abin da ya samu ƙasarmu ba. Duk wanda ke tsakanin Isa da Sabon Birni yana da nasa. 'Yan bindiga suka hana noma a gonakin nesa, suka hana bin hanya sai da addu'a. A gidanmu an fara da kore wa Kawu shanun huɗarsa. Bayan nan aka tare motar 'yan kasuwa a hanyar Sabon Birni, aka harbe ɗansa na fari, wanda ke shirin aure bayan salla. Ni da shi tare muka yi wasan ƙasa, kuma har yau in na ga saurayi ya karkata hula irin tasa sai gabana ya faɗi. Rugar Adda ma ba ta tsira ba. An kwashe musu fiye da rabin garke, kuma wani jikanta ya je kasuwa sayen gishiri bai dawo ba. Amma a lokacin babu mai sauraren asarar wani, kowa tasa ta ishe shi.

Bayan sadakar bakwai ta yaron, Kawu ya je bakin dam ya janyo ƙaya ya toshe bakin burtalin. Ba a ɓoye ya yi ba, da rana tsaka ya yi, mutane na kallo, wasu ma suka taya shi. Ina garin a lokacin, na zo daga Isa saboda zaman makoki. Da safe Kaka ya ce in riƙe masa buta mu je lambu, don a lokacin ƙafarsa ta fara ba shi wahala. Muka tarar da Kawu yana ban-ruwa. Kaka ya wuce shi zuwa bakin burtalin. Ya jingine sandarsa, ya kama ƙayar nan da hannu yana ja, reshe bayan reshe. Na ce ya bari in nemo sanda mai baki biyu, ya yi kamar bai ji ba.

Kawu ya kashe injin ban-ruwan ya taso. Bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba a gabana sai ranar. Ya ce shi an kashe masa ɗa, kuma mahaifinsa na buɗe wa dangin waɗanda suka kashe shi hanya su sha ruwa.

"Yaron ga jikana na," in ji Kaka, bai ko ɗago ba. "Ni niy yi mashi huɗuba. Ni ma an kashe mani. Amma saniya ba ta harbi kowa ba. In ka tare ta nan, cikin lambun mutane za ta bi, sannan a sake wani jinin. Wanga bai ishe ka ba?"

Kawu ya tsaya yana huci, hawaye na zuba, ya ce to ya ji, lambu na Baba ne, amma ya sani ba zai dawwama ba. Kaka ya ce ya sani. Ya ci gaba da jan ƙayarsa har hanyar ta buɗe. A hanyarmu ta komawa gida ya zauna a gindin wata bishiyar bedi ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba, sannan ya ce in na gaya wa wani sai ya sake ni.

Ban ga laifin Kawu ba a ranar, kuma har yanzu ban gani ba. Na dai ji zafin abin da ya biyo baya. Da, kwano ɗaya suke ci a zaure. Daga ranar Kawu ya koma ci a ɗakinsa. Yana gaishe da ubansa safe da yamma, yana kai shi asibiti a Isa in ciwo ya tashi, bai rage masa komai na haƙƙi ba, amma hira ta mutu a tsakaninsu. Kaka kuwa girman kai bai bar shi ya nemi sulhu ba. Sau da yawa nakan ga ya ɓare goro ya riƙe rabin a hannu yana kallon ƙofar Kawu, daga baya ya jefa a aljihu.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi, Inna ta taso daga Isa, inda take aure, ta zauna jinya. Ta roƙe shi ya kira liman da shaidu ya ce burtalin nan ya bayar wakafi, don kada a taɓa shi bayan ransa. Ya ƙi. Ta sake tayar da maganar, ya sake ƙi.

"Ba wanda yat tilasta mani," ya ce mata. "Ni ma ba ni tilasta ma kowa daga cikin kabari. Yaron ga ya sha wuya. In ya ruhe, ya ruhe."

Inna ta fito tana share hawaye, ta ce mini tsohon nan taurin kansa zai bi shi har lahira. Kwana kaɗan bayan haka ya cika, da rana, bayan ya sa an ɗaga shi ya yi sallar azahar a zaune.

Adda ta yi kwana uku tare da mu tana karɓar gaisuwa. Ba ta ce komai a kan burtali ba, ko sau ɗaya. Ranar da za ta koma na raka ta bayan gari, inda wani jikanta ke jiranta nesa da gidaje, don bai yarda ya shigo ba. A nan ne ta gaya mini cewa samarin ruga sun yanke shawara: in rani ya yi aka tarar hanyar a rufe, ko kuma shingen ya zube, ba za su gangaro da shanu ba. Yanzu ganyen albasa ɗaya in saniya ta taka zai iya cin ran mutum. Za su tattara su haye Nijar gaba ɗaya. Ta ce ita ta tsufa da sabon wuri, a nan aka binne uwarta, amma in sun tashi ba za ta zauna ita kaɗai ba.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Magada biyu ne kawai, Kawu da Inna, tun da matar Kaka ta riga shi. Abin da ya bari bai taka kara ya karya ba: gida, gonar tudu ta gero, sai lambun bakin dam. A garinmu mace ba ta cika karɓar ƙasa ba. Takan bar wa ɗan'uwanta ya noma, in an yi girbi ya aiko mata da damma, kowa ya huta. Kawu ma haka ya zata, liman ma haka. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a bakin ƙofar zaure ta ciki, ni ina bayanta. Liman ya karanta rabon kowa, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, sannan ya tambaye ta ko ta bar wa yayanta riƙo kamar yadda aka saba.

Inna mace ce mai sanyin magana, ko a gidanta ba ka jin muryarta daga waje. Ta ce ta yafe rabonta na gida. Ta yafe na gonar tudu. Cikin lambun ma ba ta son ko fangali ɗaya.

"Hanyag ga ta shanu ita nika so," ta ce. "A auna mani ita, daga tudu har ruwa. Ita ta gadona."

Liman ya sake tambayarta ko ta san abin da ta bari ya ninka abin da ta ɗauka, ta ce ta sani. Ya juya ga Kawu ya ce in magada sun yarda da juna shari'a ba ta hana ba, saura nasa bakin. A gaban dattawan gari ƙanwarsa ta bar masa gida da gona da lambu, ta nemi ɗan zirin da ko shuka babu a kai. In ya ƙi, da wane ido zai dubi mutane? Daga baya ya ce ya yarda, ta je ta gaji kashin shanu. Ya ƙara da cewa kada wanda ya sa ran zai sara ƙaya ko ɗaya saboda su.

Muka koma Isa da murna rabi. Hanya dai ta zama ta Inna, amma Inna matar aure ce a wani gari, ga ciwon gwiwa, ba ta taɓa riƙe gatari ba. Muka nemi 'yan ƙwadago a Gangara su yi mana shingen, kowa ya ce yana da uzuri. Ba uzuri ba ne, tsoron bakin mutane ne, kada a ce yana yi wa ruga aiki. Girbi ya wuce, aka fara dashen albasa. Labari ya zo mana cewa Kawu ya shinge gefensa, wanda wannan dole ne, albasarsa yake karewa. Gefen maƙwabci kuwa a zube yake, maƙwabcin ya ce ba shi ya buɗe hanya ba balle ya yi mata shinge. Inna ta daina barci sosai. Ta ce mini ta karɓi amanar da ba ta iya ɗauka, gara ma da ta bar Kawu ya rufe, a san an rufe.

Wata ranar kasuwa na hau babur na tafi Gangara, da niyyar in durƙusa wa maƙwabcin ko zai bari a nemo masu aiki daga wani gari. Ban shiga gida ba, na wuce bakin dam kai tsaye. Tun daga kan tudu na hango mutum yana jan reshen ƙaya a cikin burtalin. Kawu ne. Ya riga ya kai shingen gefen maƙwabci kusan bakin ruwa, saura kaɗan. Ya gan ni, ya ɗaure fuska. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ci gaba da aikinsa.

"Ki ce ma uwarki ba don su niy yi ba," ya ce, yana danna reshe da ƙafa. "Kullum in na zo ban-ruwa sai in ga gehe guda tsaye, gehe guda kwance. Ba ni iya kallo nai hakanan."

Na ce zan gaya mata. Ya ce kuma in na ga wani ɗan ruga a hanya, in ce an gama. Shi ba zai aika ba.

Na isar da saƙon ga 'yan ruga, na kwana a garin. Washegari da hantsi shanun suka gangaro. Ba su da yawa, ko kusa ba su kai garken da na sani ina yarinya ba, ga su a rame. Jikan Adda na gaba da sanda a kafaɗa, yana tafe yana waige-waige. Da ya zo daidai lambun ya yi wa Kawu sallama da murya ƙasa. Kawu ya amsa, amma bai juyo ba. Ya ba hanyar baya, ya fuskanci ruwa, hannuwansa a bayansa, shanun na wucewa ta bayan shingen da ya saƙa. Daga inda nake tsaye ina ganin kafaɗunsa na rawa. Ban tambaye shi ko ɗansa yake yi wa kuka ko ubansa ba.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar. Allah Ya jiƙan yaron da aka raba mu da shi a hanya, da jikan Adda da bai dawo ba, Ya sanyaya zuciyar waɗanda suka bari. Kawu bai motsa daga wurin ba sai da saniyar ƙarshe ta sha ta hau tudu, sannan ya goge fuska da hannun riga ya je ya tayar da injinsa.